Yadda Ake Rubuta Labarin Soyayyar Kirsimeti Ana Tsakiyar Zafi

Littafin soyayyar da mai karatu zai ɗauka a kantin Landan ko Toronto cikin Nuwamba, mai hoton dusar ƙanƙara da fitilu a bangonsa, galibi marubucinsa yana fifita ya rubuta shi. Kasuwar irin wannan littafi gajera ce ƙwarai. Takan buɗe wajen tsakiyar Oktoba, ta yi ƙarfi bayan bikin godiya na Amurka da ake yi ranar Alhamis ta huɗu a Nuwamba, da an wayi gari 26 ga Disamba kuma ciniki ya kwanta. Mako goma ne duka-duka. Wanda ya ce sai sanyi ya shiga jikinsa zai ɗauki alƙalami, littafinsa zai fito bayan an kwashe kayan ado an mayar da su kwali.

Masu fim ma haka suke fama. Tashar Hallmark ta Amurka tana jera finafinan soyayyar Kirsimeti kowace shekara tun 2009, a yanzu tana farawa tun cikin Oktoba. Da yawansu a Kanada ake ɗauka, cikin kusan mako uku, kuma sau da yawa ana tsakiyar zafi. Jarumai suna cikin manyan riguna zufa na tsiyaya, ma'aikata na shimfiɗa farin bargo da kumfa da niƙaƙƙiyar ƙanƙara a bakin titi. Shi mai fim yana da motar ƙanƙara. Marubuci kuwa kalanda ce kayan aikinsa, sai littafin ajiye bayanai, sai sanin abin da sanyi ke sa mutum ya aikata.

Ƙirga baya daga ranar fitowa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka rubuta layi ɗaya, ka san hanyar da littafin zai bi ya isa hannun mai karatu, domin ita ce za ta faɗa maka ranar farawa.

Manyan kamfanonin soyayya irin su Harlequin, wanda aka kafa a Kanada a 1949, da Mills & Boon na Landan da ke nan tun 1908, suna tsara jadawalinsu shekara guda ko fiye kafin lokaci. Gajerun littattafansu kan kai kalmomi 50,000. Abin da ka rubuta musu a zafin bana, Kirsimetin baɗi zai tarar. Mujallun da ke buga gajerun labarai kuwa sukan so labarin biki ya iso musu kamar wata shida kafin bikin, wato Yuni ko Yuli.

Idan da kanka za ka buga, ga lissafin matsakaicin labari mai kalmomi 30,000 da ake so ya fito 1 ga Nuwamba. Rubutun farko daga 1 ga Yuni zuwa tsakiyar Yuli: kalmomi 1,000 a rana, kwana biyar a mako, mako shida ke nan cif. Daga nan ka rufe shi mako biyu kada ka leƙa, a cikin makonnin ne za ka ba da aikin bango. Agusta gaba ɗayansa na gyaranka ne. Satumba na edita ne, mako uku zuwa huɗu, amma tun Mayu za ka kama gurbi a wurinsa, saboda duk marubutan Kirsimeti lokaci guda suke yi wa editoci rubdugu. Makonni biyun farko na Oktoba wani mutum daban, wanda bai taɓa ganin labarin ba, ya bi shi yana tsince kurakuran rubutu. Ranar 15 ga Oktoba komai ya zama a kammale.

Makonni biyun da suka rage kariya ce. A dandalin Amazon KDP, inda marubuci ke buga littafinsa da kansa, ana iya buɗe sayen littafin lantarki tun kafin ya fito, amma dole cikakken fayil ya shiga aƙalla awa 72 kafin ranar fitowa, wanda ya saɓa kuma akan hana shi wannan damar har shekara guda. Farashi ma a duba: littafin da farashinsa bai kai dala 2.99 ba, kashi 35 cikin ɗari kawai marubuci ke samu a kansa maimakon 70.

Mai rubutu da Hausa da ke sakin labari kashi-kashi a WhatsApp ko Wattpad ba ya jiran kanti, amma lissafin bai sake shi ba. Tsari mai kyau shi ne kashi 24, ɗaya kowace rana daga 1 zuwa 24 ga Disamba, kowanne kalmomi 1,200, jimla 28,800. A gama su duka tun kafin Disamba ta kama. Wata ne na bukukuwan aure da tafiye-tafiye da baƙi, kuma masu karatun da aka saba wa kullum ba sa yafe fashin kwana biyu. Zafin Turai da Amurka daga Yuni ne zuwa Agusta, lokacin da mu muke cikin damina. Namu zafin bazara ce, Maris zuwa Mayu, kuma wanda ya yi rubutun farko a lokacin ya samu damina sukutum ta gyara.

Inda ake samo sanyi

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi faɗuwa. Jikin da ke cikin digiri 40 ba ya tuna sanyi. Kalmar kawai yake tunawa, shi ya sa rubutun da aka yi cikin zafi kan cika da "sanyi mai ratsa ƙashi" a kowane shafi, mai karatu kuma ko tsikar jikinsa ba ta tashi.

Maganin farko ana haɗa shi tun watanni kafin a buƙace shi. Cikin Disamba da Janairu, ka ware ƙaramin littafi ko fayil a waya, kullum ka rubuta abu biyar da ka gani ko ka ji: ƙarfe nawa gari ya waye, me mutane suka sa, me ake sayarwa a bakin titi, wane wari ke cikin iska, me ya yi wuyar yi saboda sanyi. Kwana talatin sun ba ka abu 150, sun ishi littafi biyu. Idan ba ka yi wannan tanadi ba, ka nemi mutum biyu ko uku da suka yi Disamba a garin da labarinka yake, kada ka tambaye su yadda sanyin yake, domin "akwai sanyi sosai" za su ce. Tambaye su abin da suke yi daga tashi barci zuwa fita gida, ɗaya bayan ɗaya.

Magani na biyu shi ne ka bar siffanta sanyi, ka rubuta abin da yake tilasta wa mutum. Dubi wannan: "Ana tsananin sanyi a Jos, Rahila na jin sanyi sosai." An faɗi magana, ba a nuna komai ba. Ga wani:

"Rahila ta tsoma ɗan yatsa a bokiti ta janye da sauri. Ta koma ta hura gawayi, ta ɗora tukunya, ta tsuguna tana gasa tafukanta. Leɓenta na ƙasa ya tsage tun jiya, ta lakato man kaɗanya ta shafa, ta ja hular ulu ta rufe kunnuwa."

Kalmar sanyi ba ta fito ko sau ɗaya ba. Kuma tsagaggen leɓen nan jari ne: babi uku a gaba, ranar da Bitrus ya ba ta dariya ba shiri, leɓen zai sake tsagewa, ta kai hannu baki tana dariyar tana jin zafi, shi kuma washegari ya zo da ɗan kwalbar basilin a aljihu yana rasa yadda zai miƙa. Sanyin ya yi wa soyayyar aiki ke nan. Duk abin yanayi da ka sa a labari, ka tambayi kanka ko yana matso da mutanen biyu kusa ko yana raba su. A Amurka da Kanada, dusar ƙanƙara ce ke toshe hanya ta tsare su a gida ɗaya. A nan, hazo ne ke hana jirgi tashi daga Kano ko Kaduna, ya haɗa baƙi biyu a motar haya ɗaya.

A ƙa'ida, abu biyu ko uku na yanayi sun isa fage guda, kuma kada duka su zama na ido. Ɗaya na fata, ɗaya na hanci ko kunne. Ƙamshin kirfa da kanumfari a ɗakin girkin Ingila, ƙarar takalmi a kan daskararriyar ƙasa, tabarau da ke yin hazo da an shigo ɗaki mai ɗumi. A Filato kuwa, warin ƙonannen daji, ƙurar da ke kwanciya a kan kujerun coci ko an goge da safe, ƙofar katako da ta bushe ta daina rufuwa daidai.

Sai kurakuran da zafi ke shigo da su ta bayan gida. Mafi yawansu na haske ne. A Landan ranar 21 ga Disamba rana na fitowa bayan ƙarfe takwas na safe, ta faɗi kafin huɗu na yamma. A Yuni sai bayan tara na dare take faɗuwa. Marubucin da ke kallon tagarsa a Yuli sai ya sa masoya suna yawo cikin hasken yamma da ƙarfe bakwai, alhali duhu ya yi awa uku da shiga. A New York ma wajen huɗu da rabi ne faɗuwar rana a Disamba. Rubuta lokutan nan biyu a takarda ka manna inda kake gani. Wani kuskuren shi ne zuba dusar ƙanƙara a ko'ina: a Landan ba kasafai take sauka ranar Kirsimeti ba, ruwa da danshi da sararin sama mai toka-toka sun fi yawa.

Mai rubuta labarin gida ma bai tsira ba. Yana rubutu a Afrilu, mangwaro ya cika kasuwa, sai ga jaruma tana shan mangwaro a jajiberen Kirsimeti. Yana gyara a Agusta, sai ga hadari ya haɗo, ciyawa kore shar. Disambar arewa ba ruwa, ciyawa ta bushe, rumbu cike da sabon hatsi, rake da lemo ne a bakin hanya. Kuma rana takan yi zafi da tsakar rana ko a hunturu, mutum ya fito da rigar sanyi da safe ya rataya ta a kafaɗa da azahar. A Jos, da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, dare kan sauka kusa da digiri 10. Idan ka gama rubutun farko, ka yi karatu guda na musamman wanda ba ka duba komai sai waɗannan: haske, tufafi, abinci, tsirrai. Ka ja layi a ƙarƙashin kowanne ka tambaya, wannan na Disamba ne?

Ranar 25 ita ce agogon labarin

Labarin soyayya irin wannan yana da sharuɗɗa biyu da masu karatunsa ba sa sassautawa: soyayyar mutum biyu ce ginshiƙi, kuma ƙarshe mai daɗi ne. Kirsimeti na ƙara na uku, wato wa'adi. Kowa ya san ranar da komai zai ƙare, don haka kowane babi yana cin kwanaki daga abin da ya rage.

Buga kalandar Disamba ta shekarar da labarin ke faruwa. Ranar makon da 25 ta faɗa tana sauya abubuwa da yawa: yaushe ake tashi daga aiki, Lahadi nawa suka rage, yaushe za a kama hanyar gida. Lokacin shirin zuwan Almasihu da coci-coci da yawa ke kiyayewa yana farawa ne Lahadi ta huɗu kafin Kirsimeti, wadda kan faɗo tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. Rubuta kowane fage a cikin akwatin ranarsa.

Kalmomi 30,000 sun kasu babi 15, kowanne 2,000. Su haɗu a babi na ɗaya, kada ya wuce na biyu. Zuwa na huɗu a samu abin da ya ɗaure su tare har ranar biki: shirya wasan yara na haihuwar Yesu, ɗinkin ankon Zumuntar Mata da tela ya riƙe, gidan gado da za a sayar kafin sabuwar shekara. Daga na biyar zuwa na goma kusanci ne, da wani juyi a na takwas inda ɗaya ya ga abin da ɗayan ke ɓoyewa. Ɓaraka ta zo a na sha ɗaya ko sha biyu, wajen 22 ko 23 ga wata. Na sha uku na kaɗaici ne, gari na murna su suna ƙunci. Sulhu a daren 24 ko safiyar 25, babi na ƙarshe kuma gajere.

Abu uku ke kashe irin wannan labari. Na farko, mako uku sun yi kaɗan a ce baƙi biyu sun haɗu har sun yi baiko. Shi ya sa ƙwararru ke yawan ɗauko waɗanda suka san juna tun da: tsohon saurayi da ya dawo gida hutu, ƙawar ƙanwa, abokin aiki na shekara biyar. Idan kuwa baƙi ne, a tsaya a kan alkawarin sake haɗuwa, a bar maganar aure ga ɗan babin rufewa na bayan shekara. Na biyu, Kirsimeti ya zama fenti kawai. Gwajinsa mai sauƙi ne: mayar da labarin watan Maris a zuciyarka. In bai rushe ba, to bikin bai shiga cikinsa ba tukuna. Na uku, zaƙi ya yi yawa. Biki lokaci ne da rashi ke fitowa fili, kujerar mahaifin da ya rasu bara, kuɗin kayan yara da bai cika ba, gwaggon da ke tambayar "yaushe za mu sha biki?" a gaban jama'a. Ba wa kowane ɗaya daga cikin masoyan dalili na gaske da zai sa watan ya yi masa nauyi. Farin cikin ƙarshe daga nan yake samun daraja.

Kirsimetin su wa?

Bikin ba iri ɗaya ba ne a ko'ina. Al'adar sumba a ƙarƙashin reshen kauci da aka rataya a bakin ƙofa ta Ingila ce da Amurka, in ka dasa ta a Kagoro ko Wusasa ta zama abin dariya. Can abin da ke akwai shi ne suyar cincin kwana biyu kafin biki, layi a shagon tela da wurin kitso, tashar mota da kuɗinta ya ninka, zagayen waƙoƙi gida-gida da dare, shinkafa da miya da naman kaji da ake aika wa maƙwabta Musulmi a kwanuka, yara cikin sababbin kaya suna yawon barka da Kirsimeti. Ɗariƙa ma tana da bambanci. Katolika na da Fada da babbar addu'ar daren jajibere. ECWA da COCIN da EYN na da fasto ko rabaran, da nasu tsarin sujada da na neman aure. Marubucin da ba a cikin al'adar ya tashi ba, ya ba mutum biyu 'yan wannan cocin su karanta kafin edita, ya roƙe su su nuna duk inda suka ji "mu ba ma faɗin haka".

Akwai kuma inda zafin da kansa shi ne Kirsimeti. A Ostareliya da New Zealand da Afirka ta Kudu, Disamba lokacin zafi ne: bakin teku a Sidni, jatan lande mai sanyi a faranti, gashin nama a tsakar gida, waƙoƙi da kyandir a fili kamar yadda ake yi a Melbon tun 1938. Wanda sanyi ya ƙi zuwar masa a takarda zai iya kai labarinsa can, zufar da ke jikinsa ta zama kayan aiki, muddin ya yi binciken wurin kamar yadda zai yi na ko'ina.

Jiki da na'ura

Kalmomi 1,000 kan ci awa ɗaya da rabi zuwa biyu in an san abin da za a rubuta. Sa su da sassafe, kafin ƙarfe takwas, ka bar tsakar rana ga aikin da ba ya son tunani mai zurfi. Kafin ka tashi kullum, rubuta layi uku na abin da zai faru gobe. Ka karanta shafi ɗaya na littafin bayananka na hunturu kafin ka fara, ya fi kunna waƙoƙin biki amfani, ko da yake wasu na jin daɗin waƙar a ƙasa-ƙasa. Kada a ɗora kwamfuta a kan katifa ko filo, kafofin iskarta na toshewa ta mutu ana tsakiyar aiki. Waya ma ba ta son wuce digiri 35, kada a yi rubutu da ita tana caji a ɗaki mai zafi. A ajiye kwafi a wuri biyu kowace rana.

Karatu a lokacin zafi

A Amurka har suna da abin da suke kira Kirsimeti a watan Yuli: tashoshi na maimaita finafinan biki, marubuta da yawa na karya farashin littattafansu na bara. A Ostareliya kuma Yuli ne sanyinsu, sai wasu su yi ƙaramin biki a lokacin don su ci abinci mai zafi a gaban wuta. Ga mai karatu, wannan ne lokacin samun littafi da araha. Matsakaitan labarai da kundin da ya haɗa labari uku sun fi dacewa da daren da zafi ya hana barci, ana gama ɗaya a zama biyu. A duba bayanin bango kafin a saya, domin wasu ba su wuce riƙe hannu ba, wasu kuwa suna shiga ɗaki. Jerin Love Inspired na Harlequin na masu son labari mai tsabta ne da ruhin addinin Kirista. Masu sharhin littattafai kuma sukan fara samun kwafin gwaji na littattafan Kirsimeti ta dandali irin NetGalley watanni kafin su fito.

Karatun marubuci daban ne. Kafin ka fara naka, zaɓi littafi uku da suka fito cikin shekaru biyun da suka wuce, masu tsayi irin wanda kake nufi. Karanta kowanne sau ɗaya don daɗi, sannan ka koma da biro. A gefen kowane babi rubuta kwanan watan da yake faruwa. Yi alama inda suka haɗu, inda aka ɗaure su tare, inda suka ɓata, inda suka shirya, ka lissafa kashi nawa cikin ɗari na littafin aka ci kafin kowanne. Sannan ɗauki babi guda ka ja layi a ƙarƙashin duk abin da ya sa ka ji sanyi alhali kana zufa, ka ƙirga su, ka ga nawa ne siffa, nawa ne aikin da wani ya yi da hannunsa. Jera sakamakon littattafan uku a takarda ɗaya, ka ajiye ta kusa da kalandarka ta Disamba ranar da za ka buɗe babi na ɗaya.